Wa ya fara shigar da kiɗan jazz cikin faifai?

Tambaya: Malam, na ji an ce baƙar fatan Amurka ne suka ƙirƙiro jazz, sai kuma na ji wai faifansa na farko na Turawa ne. Yaya aka yi haka?

Amsa: Duka biyun gaskiya ne, ɗan'uwa. Kiɗan ya taso ne a unguwannin baƙar fata na birnin New Orleans, amma waɗanda suka riga kowa shiga faifai wasu fararen fata ne su biyar, Original Dixieland Jass Band, ƙarƙashin mai busa Nick LaRocca. Kamfanin Victor ne ya naɗe su a New York ranar 26 ga Fabrairu, 1917. A kiɗan da ya fi tashe, "Livery Stable Blues", kayan busa ne ke kwaikwayon carar zakara da haniniyar doki da kukan saniya. Ya yi kasuwa ƙwarai, har LaRocca ya riƙa bugun ƙirji cewa su ne asalin jazz. Wannan kam cika baki ne.

Tun kafin su, baƙar fata Buddy Bolden ya cika New Orleans da busarsa, amma aka kwantar da shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya rasu a 1931, kuma babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa. Ana kuma ba da labarin cewa Victor ya nemi mai busa baƙar fata Freddie Keppard tun da farko, ya ƙi, don gudun kada a sace masa salo. Babban dalilin jinkirin naɗar baƙar fata dai shi ne kamfanoni ba su yarda baƙar fata za su sayi faifai ba, sai da na mawaƙiya baƙar fata Mamie Smith ya fito a 1920 aka yi rububinsa. Daga nan ƙofa ta buɗe wa makaɗa baƙar fata irin su Kid Ory a Los Angeles, sannan King Oliver a 1923.

Naɗin Oliver shi ya fi cancanta a saurara. A ɗakin kamfanin Gennett aka yi shi, a Richmond ta jihar Indiana, dab da layin dogo, in jirgi ya taho sai a dakata. Ba a amfani da makirfo wajen naɗi a lokacin. Makaɗa kan kewaye wani babban mazurari su yi ta busa, sautin ya girgiza allura, ita kuma ta zana layi a kan kaki. Babbar ganga na sa allurar tsalle, shi ya sa mai gangar Oliver, Baby Dodds, ya koma ƙwanƙwasa katako. Matashin da ke busa a bayan Oliver kuwa, Louis Armstrong, an ce sai da aka tura shi can nesa saboda ƙarfin busarsa. Ga shi kowane ɓangare na faifan garmaho minti uku kawai yake ɗauka, alhali a gidan rawa sukan ja kiɗa yadda suka ga dama.

Ka nemi "Chimes Blues" na Afrilun 1923. A nan ne aka fara jin Armstrong yana busa shi kaɗai a faifai, yana ɗan shekara 21.