Tambaya da Amsa: In ƙara wufa a kan lasifikokin situdiyona ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni matashi ne ina haɗa kiɗa da ɗaukar murya a wani ɗan ɗaki da na kama haya a Talladje nan Yamai, yawanci waƙoƙin biki ne da talla sai ƴan rap na kartiye. Ina aiki da lasifikokin Yamaha HS5 guda biyu a kan tebur da kart son Scarlett 2i2, wato akwatin da ke haɗa kwamfuta da makirfo da lasifika. Damuwata in na gama aiki a ɗakin komai daidai nake jinsa, amma ranar biki in aka sa a manyan bafil sai bas ya danne muryar mawaƙi har kunya ta kama ni, wani lokacin kuma babu shi sam. Ɗakin mita 3 ne a mita 3 da rabi, rufin dal, tsayinsa kamar mita 3. Abokina ya ce in sayi wufa, wato lasifikar da ke fitar da bas zalla, akwai irin na kallon fim mai araha a kasuwa, akwai kuma na Yamaha amma da tsada. Wanne zan saya kuma ya ake haɗawa?

Daga wani mai karatu, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ke damunka ba laifin kunnenka ba ne, kana gyara abin da ba ka ji ne. HS5 inci 5 ne, kamfanin ya rubuta yana sauka har 54Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce bas mai zurfi), amma a wannan wurin ƙarar ta riga ta faɗi da desibel 10 a ma'aunin ƙara, gaskiyar magana daga wajen 74Hz ya fara ja da baya. To tsirkiyar ƙasa ta jitar bas tana 41Hz, mai tsirkiya biyar tana kai 31Hz, shi kuwa dogon bas ɗin 808 da ƴan rap ɗinka ke so, wanda ya samo asali daga na'urar Roland TR-808 ta 1980, can ƙasa yake zaune inda HS5 ba ya leƙawa. Kai kana ƙara shi don ba ka jin shi, bafil ɗin biki kuma yana fito da duk abin da ka zuba, shi ke nan murya ta nutse.

Saboda haka e, wufa zai iya taimaka maka, amma ka riƙe wannan tun yanzu: ba don kiɗa ya yi daɗi a ɗaki ake sayensa ba, don ka ji abin da ke ƙasa ne ka yanke hukunci a kansa. Wufan da aka saita daidai, baƙo in ya shigo ma ba zai san yana kunne ba sai an kashe ya ji wani abu ya tafi.

Na kallon fim ɗin nan ka bar shi a kasuwa. An yi shi ne ya girgiza kujera, yana kumbura wuri ɗaya ya bar sauran, yawanci kuma ba shi da mashigar XLR ko TRS, wato irin kawunan wayoyin kayan situdiyo, ba shi da hanyar da zai tace bas kafin ya miƙa wa ƙananan lasifikokinka. Zai ƙara maka ƙarya ne a kan wadda kake fama da ita. Wanda aka yi don HS5 shi ne HS8S, inci 8, wat 150, yana sauka zuwa 22Hz a takarda, yana da maɓallin yanka na sama da na ƙasa daga 80 zuwa 120Hz, masu raba sauti tsakanin wufa da ƙananan lasifikoki, da maɓallin juya fas, mai daidaita bugun wufa da nasu. Ba dole sai shi ba fa, akwai JBL LSR310S mai inci 10 da wat 200, akwai PreSonus Eris Sub8 mai sauƙin kuɗi, duk za su zauna da HS5. A ɗaki irin naka inci 8 ya isa har ya yi yawa, kar wani mai shago ya ruɗe ka da inci 12. In za ka ɗauki na JBL ka guji saitin da suka kira XLF, ƙara bas yake da gangan don ya kwaikwayi gidan rawa, ba a miksin da shi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta da kyau, don nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Ɗakinka ne babbar matsalar, ya fi lasifika. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan igiyar 80Hz tsawonta ya haura mita 4, ta 40Hz ta haura mita 8, duk sun fi ɗakin tsawo, sai su bugi bango su dawo su haɗu da masu zuwa. Ka ɗauki baho da ruwa ka jijjiga shi, za ka ga ruwan yana hawa da sauka a bakin baho ta nan da ta can, tsakiya kuwa kusan ba ya motsi, to haka bas yake yi tsakanin bango biyu. Lissafin sautin da ɗakin ke kumburawa mai sauƙi ne, ka raba 343 da ninki biyu na tsawon: mita 3 da rabi ya ba ka 49Hz, mita 3 ya ba ka 57Hz, kuma da yake faɗin ɗakin da tsayin rufin duk mita 3 ne sai 57 ɗin ya zo sau biyu, ga bangon siminti da dal ba sa shan komai mayar da shi suke yi. Shi ya sa jikin bango za ka ji bas kamar zai fasa ƙirji, ka dawo tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. Wannan ne dalilin da wani aikin naka ke fita da bas mai yawa wani kuma ba shi da komai, ya danganta da sautin bas ɗin da aka ɗora waƙar a kai. Ka sa wufa ba ka kula da wannan ba, ramukan da tuddan nan, wato inda bas ke ɓacewa da inda yake kumbura, ƙaruwa za su yi.

Kafin ka kashe ko dala, ka yi wannan gwajin yau da dare. Ka sa sautin gwaji a manhajarka ka riƙa sauke shi a hankali daga 200Hz zuwa 40Hz kana zaune a kujerar aiki, ka rubuta inda ya yi tsawa da inda ya ɓace. Sannan ka gyara zama: tebur ya fuskanci gajeren bango, kujera kar ta zama a tsakiyar ɗaki cif, ka matso gaba kamar mita 1 da santimita 30 daga bangon gaba. Wani lokaci wannan kaɗai yana rage rabin ciwon kai. Kwalin ƙwai da siririn soson da ake liƙawa a bango kuwa ba ruwansu da bas, sautin sama kawai suke sha su bar ɗaki da duhun murya. Bas abu mai kauri yake so a kusurwa, audugar gilashi ko ta dutse da ake sa wa gini, mai kauri sosai a naɗe da yadi, in babu ko tsohuwar katifa a tsaye a kusurwa ta fi kwalin ƙwai.

In wufan ya zo, haɗin ba wuya. Waya biyu TRS daga bayan Scarlett zuwa mashigar wufa hagu da dama, sai XLR biyu daga mafitar wufa zuwa HS5. Ka kunna maɓallin yanka na ƙasa ka sa shi a 80, na sama ma 80. Amfanin haka ƙananan sun huta da ɗaukar nauyin da ba nasu ba, za ka ji muryar mawaƙi ta ƙara fitowa fes, kuma ƙasa da 80Hz kunne ba ya gane ta ina sauti ke zuwa shi ya sa wufa ɗaya ya wadatar. In ka kai shi 120 za ka fara jin bas yana fitowa daga ƙarƙashin tebur, ba a so.

Wurin ajiyewa ba a zaɓensa da ido. Ɗora wufan a kan kujerar da kake zama, ka sa waƙa mai bas da ke yawo sama da ƙasa, kai kuma ka durƙusa ka bi gindin bangon gaba da rarrafe kana saurare. Ba inda ya fi ƙara kake nema ba, inda kowane bugu ke fita daidai da ɗan uwansa kake nema, nan za ka ajiye shi. Kusurwa za ta ba ka ƙara mai yawa amma a ɗaki irin naka ita ce ke tayar da duk rigimar nan da na lissafa. Bayan haka ka sa sautin 80Hz, ka zauna, wani ya riƙa juya maka maɓallin fas, ɓangaren da ya fi cika a kunnenka shi ne daidai. Ƙarar kuma ka fara daga sifili kana ƙarawa kaɗan kaɗan da waƙoƙin da ka sani sarai, waɗanda ka sha ji a biki da mota, har ka ji ƙasan ya cika, sai ka ɗan rage. Kuma ka riƙa aiki a ƙara ɗaya kullum, tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa in an rage ƙara kunne bas yake fara rasawa, in kana hawa kana sauka hukuncinka zai riƙa canzawa. Mai hali ya nemi makirfon awo irin UMIK-1 da manhajar REW wadda kyauta ce, zai ga ramukan a allo ƙuru-ƙuru.

In kuɗin bai kai ba yanzu, wallahi kar ka ci bashi a kan wufa. Ka gyara zama da kusurwa, ka nemi kask mai kyau na aiki ka riƙa duba ƙasan da shi tunda shi ba ruwansa da ɗaki, ka buɗe na'urar nuna sauti a manhaja kana kwatanta aikinka da waƙoƙin da suka yi kyau a bafil. Kar ka manta kuma yawancin masu jin aikinka a portabul za su ji, ita kuwa ba ta fitar da 50Hz ko kusa, sai ka ɗan ƙona bas ɗin, wato ka sa masa ɗan kaushi a manhaja, ya samu ƴaƴan sauti a sama yadda ƙaramar lasifika za ta kama shi.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni a Tahoua nike, na riga na sayi wufa amma tun da na haɗa shi wani gurnani ke hita ko ba a sa kiɗa ba, kuma kwanon ɗaki shina kaɗawa. Da sola muke aiki in an ɗauke kuran. Mi ya kamata in yi?

Daga wani mai karatu, Tahoua

AMSA

Barka kadai ɗan uwa. Gurnanin nan na wuta ne, 50Hz, da can ma mai yiwuwa yana nan ƙananan lasifika ne ba sa fito da shi. Ka haɗa kwamfuta da kart son da wufa da lasifikoki duk a piriz guda, ka tabbata wayoyin TRS ne ko XLR ba irin na jita mai zobe ɗaya ba, kuma kar su kwanta a jikin wayar wuta. Ka zare sharjar kwamfuta ka saurara, in ya yi shiru ka gano mai laifi. In a kan sola kaɗai yake yi to inbata ɗinka ne, masu arahar nan wutarsu ba ta fita sumul, sai ka nemi wanda aka rubuta pure sine a jikinsa. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne cire ƙafar ƙasa ta filogi don gurnani ya tafi, ranka ya fi kiɗa. In kayan daga Amurka aka kawo ka duba bayansa kafin ka soka, can 120 suke amfani da shi mu nan 220 ne.

Kwano kuwa ka sa sautin gwaji ka bi ɗakin ka gano wurin da ke kaɗawa, galibi ƙusa ce ta saki ko taga ko ƙofar ƙarfe, a ɗaure a cusa roba. In duk rufin ne ke amsawa to ƙarar wufan ta yi yawa, rage ta. Ka bar masa fili ta baya ya sha iska saboda zafin Tahoua, ka rufe shi da yadi in ka tashi don ƙura, kuma lasifikoki su ne na ƙarshe a kunnawa, su ne na farko a kashewa.