Daga bakin tafkin ninƙaya zuwa ofishin wasanni

Malam, idan na fahimce ka, kana horar da ɗaliban ninƙaya a wata kwaleji a Amurka, tashin asuba ya ishe ka, kana tambaya ko mai horarwa zai iya komawa ɓangaren shugabancin wasanni.

Zai iya. Don Gambril ya riƙe ƙungiyar ninƙayar Jami'ar Alabama daga 1973 zuwa 1990, ya jagoranci 'yan ninƙayar Amurka a gasar Olamfik ta 1984, daga baya ya koma ofishin wasannin jami'ar.

Sai dai aikin ya sha bamban. A bakin ruwa agogo ne a hannunka, kana ƙirga daƙiƙa. A ofis kuwa kasafin kuɗi ne, da neman gudummawar tsofaffin ɗalibai, da dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, da Title IX, dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu. Wata rana ma kai za ka zauna gaban abokin aikinka na jiya ka ce masa an rage kuɗin ƙungiyarsa. Wannan ya fi tashin asuba ciwo.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton kofuna sun isa shaida. Fara karɓar ƙananan ayyuka tun kana bakin ruwa: shirya gasa, tsara tafiye-tafiye, zama a kwamiti. A makarantun rukuni na 3, wato matakin ƙasa a rukunan NCAA uku, an saba haɗa horarwa da aikin ofis, ƙofar ta fi sauƙin shiga. Digiri na biyu a harkar gudanar da wasanni yana taimakawa.

Kafin ka sa hannu a sabon kwantiragi, ka kai wa lauya ya duba, ka kuma zauna da jami'in kula da bin dokokin NCAA na makarantarku.