An cire wa Yaris ɗina kalorsta, yanzu tana shan mai da ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Yaris ƙirar 2008 mai inji 1.0, a Garwa nake. Cikin watan Afrilu jar fitilar zafi ta kama min a hawan falez, wato babban hawan dutsen da ke hanyar Ngaundare. Makanike ya cire kalorsta (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi), ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce don sanyin Turai aka sa shi. Tun daga nan mota ta ƙara shan mai, kuma kowane mako sai na ƙara ruwa. Hankalina a tashe yake. Injin ne ya yi wa ƙasarmu ƙanƙanta, in sayar da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar sayarwa, ɗan'uwa. Injin motarka, 1KR-FE, mai silinda 3 da sarƙa a maimakon bel, yana da ƙarko. Cututtukansa sanannu ne: famfon ruwa kan fara ɗiga, bobin, wato kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta, kan mutu ɗaya bayan ɗaya, sarƙa kan yi ƙara in baƙin mai ya tsufa. Baƙin mai lita 3 da ɗan ɗoriya kawai yake ci, don haka ragin rabin lita ba wasa ba ne, kuma a ƙurar nan tamu a riƙa juyewa duk kilomita 5,000. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, in ya zo da ruwa ko datti, famfon tanki da injekto yake kashewa.

Amma abin da aka yi wa motarka shi ne damuwata. Daga Garwa har Kusiri, da wuya ka buɗe bonet ɗin tsohuwar mota ka sami kalorsta a mazauninsa, kuma maganar ɗaya ce: wai na ƙasar sanyi ne. Wa ya faɗa? Toyota na sayar da motoci a Saudiyya da kalorsta a cikinsu.

An ƙera injin ya yi aiki tsakanin digiri 80 da 95. Kalorsta na fara buɗewa wajen digiri 82. In babu shi, ga fanka tana juyawa ba tsayawa, da safe, musamman lokacin hunturu, inji ba ya kaiwa zafinsa. Kwamfutar mota na ganin har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Shan man da kake kuka da shi ke nan. Rarar fetur ɗin tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ƙasa ta tsinka shi, zoben fistan ya ci da wuri. Duba fitilar sanyi a gabanka: za ka ga yanzu tana daɗewa kafin ta mutu.

Abin takaici, cirewar ba ta hana zafin. A injuna da yawa kalorsta ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan ya riƙa kewayawa da zafinsa. A cikin gari ba za ka gane ba, sai ka ɗauki kaya ka kama hawa a digiri 42. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuma tana ƙone ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta kafin lokaci, ranar da ta tsaya babu mai gaya maka. Ita wannan Yaris ba ta da allurar zafi, jar fitila kaɗai, kuma kafin ta kama aikin gama ya kusa gamawa. Kulas ɗin, wato kan inji, na alminiyum ne, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi.

Mai cire kalorsta bai nemi dalilin zafin ba, ɓoye shi ya yi. Dalilin na nan, kuma shi ke shanye maka ruwa. Da inji a sanyaye, a leƙa ƙarƙashin famfon ruwa. Ɓawo mai launin ruwan hoda ko fari a wurin alamar ɗiga ce. A canza murfin lagireto da mai lamba daidai da na asali, domin matsin da yake riƙewa shi ke ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120. A wanke fuskar lagireto daga baya da ruwa marar ƙarfi, ƙura da ƙwari su fita. In an ga kumfa na tasowa a robar ruwa yayin da inji ke aiki, ko farin hayaƙi a salansa bayan ya yi zafi, ko murfin baƙin mai ya yi fari kamar kindirmo, to da alama juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji, ya tafi. A nan dole a sauke kulas a auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabo.

Daga nan a mayar da kalorsta sabo. A gwada shi a tukunyar ruwa kan wuta tukuna, a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. A mayar da fanka kan rilenta, wato abin da ke kunna ta da kashe ta. Ruwan rijiya da na burtsatse a daina, gishirinsu ke toshe bututun lagireto. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, a fitar da iska.

In jar fitilar ta sake kamawa a hanya, ka tsaya nan take ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan minti 30 aƙalla, kuma kada ka bari yaran gareji su kwara wa injin ruwan sanyi.