Magen da na tsinto a titi ta ƙi sabawa, har ta ciji yarona

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Sati uku ke nan da na ɗauko wata ramammiyar mage a bayan kasuwa. Har yau ƙarƙashin gado take wuni, in an ba ta kifi sai ta figa ta gudu. Ta maƙwabciyata kuwa, da ta taso a ɗaki, a cinya take barci. Jiya ɗana mai shekara 6 ya jawo ta, ta cije shi a yatsa. An ce in sa gishiri kawai, tunda mage ba kare ba ce. Muguwa ce, ko za ta saba? Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki kai yaron nan asibiti yau, kada ya kai gobe. Zan dawo kan dalili.

Magenki ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta. Kyanwa tana koyon yarda da mutum ne tsakanin sati 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan lokaci ita ce irin ta maƙwabciyarki, mai tarar mutum da wutsiya a miƙe tana kuka. Wadda ta yi waɗannan makonni a kango ko cikin kwata, abin da ta sani game da ɗan Adam shi ne jifa da tsintsiya. Magen titi ma iri biyu ce. Akwai wadda ta taɓa zaman gida ta ɓace, wannan cikin 'yan makonni take sakin jiki. Akwai wadda a titin aka haife ta, wannan tana iya shekara a gidanki tana cin abincinki, tana kama miki ɓera, amma ba ta yarda a ɗauke ta ba. Figar kifin da take yi kuwa, yunwar da ta sha ce ta koya mata.

Ki ware mata ɗaki guda, da kwali da za ta ɓuya ciki, da faranti mai yashi don bayan gida. Ki ba ta abinci a lokaci ɗaya kullum, ki zauna nesa kaɗan, kada ki zura mata ido. Ita za ta zo da ƙafarta. A hana yara jawo ta. Likitan dabbobi ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Kada a fesa mata fiya-fiya, kada a ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wai mage ba kare ba ce. Kusan kullum sai na ji ta. Sunan da muka sa wa cutar, ciwon haukan kare, shi ya yaudare mu. Gaskiya ne yawancin mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma ƙwayar cutar tana kama mage, da akuya, da saniya, da jaki. Magen da ta kwana a bola tare da karnukan unguwa, wa ya san abin da ya cije ta wata biyu da suka wuce? Cutar tana iya kwanciya a jikinta makonni ko watanni ba alama. A jikin mutum ma yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, ciwon yatsa ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara zazzaɓi, aka miƙa masa kofin ruwa ya ture yana shaƙewa, to aikin gama ya gama, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a ciki. Amma har yanzu mai kemis zai shafa shuɗin magani ya karɓi kuɗi ya sallami uwa, wani ya ce a sa toka, wani ya ce a ƙona gashin dabbar a shafa. Wallahi babu ɗaya daga ciki da ke taɓa ƙwayar cutar nan.

Abin da ke aiki shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan allurar rigakafi a asibiti, a kuma cika ta yadda aka tsara. Ko jiya ba ki wanke haka ba, ki wanke yanzu. Ki faɗa musu magen titi ce da ba a taɓa yi wa rigakafi ba. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana tura ƙwayoyin cuta can ciki bakin ciwon ya rufe, shi ya sa yatsa kan kumbura cikin kwana ɗaya. Su duba wannan, da batun allurar tetanus.

Ita kuma magen, kada a kashe ta, kada a kai ta bayan gari a yar. Ki kulle ta kwana 10 kina lura: dalalar miyau, ƙin abinci, shanyewar ƙafafun baya, ko kai hari ba dalili. In kin ga ɗaya, kada kowa ya taɓa ta, ki kira likitan dabbobi nan take. In ta cika kwana 10 lafiya lau, ki sanar da asibitin yaron, ita kuma ki kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata tata allurar.