Amsa: Tattaki daga Birnin Kebbi zuwa Yauri

Malam, ka tambayi yadda kwanakin farko suke. Ranar farko yaudara ce. Ni da karsashi na wuce Kalgo har Jega a yini ɗaya, washegari ƙafa duk bororo, ko silifas na kasa sakawa. Sabon takalmi ne ya ja mini. Sa wanda ya saba da ƙafarka, ka shafa man kaɗanya tsakanin yatsu.

Fita bayan sallar asuba, ƙarfe 11 ka nemi inuwa sai la'asar. Kada ka kwana a daji. Ƙauyen da magariba ta riske ka, je ka gaida mai gari, shi zai nuna maka masauki. Ni sai wajen Koko ƙafar ta daina yi mini gardama.