Amsoshin Likita: Jinyar Mai Ciwon Hanji, Tumbi da Hanta

Tambaya daga wani magidanci, yankin Gwaram, Jihar Jigawa: Likita, an yi wa ƙanena tiyata bayan taifot ya huda masa hanji. Yau kwana biyu ma'aikatan jinya sun hana shi ko kurɓin ruwa, ga roba sun zura masa ta hanci, yana ta kukan ƙishi. Innarmu ta ce mu ba shi kunu a ɓoye. Anya wannan ba rashin tausayi ba ne?

Amsa: Malam, Allah ya tashi kafaɗarsa, kuma ina roƙonka ka rarrashi Inna ta janye wannan shawarar. Taifot yakan yi gyambo a ƙarshen ƙaramin hanji, kuma idan gyambon ya huje, yawanci a mako na biyu ko na uku na zazzaɓin, sai abin da ke cikin hanji ya kwarara cikin ciki. Bayan likita ya ɗinke wurin ya wanke cikin, hanji yakan daina motsi na wasu kwanaki. Duk abin da aka haɗiya a wannan lokaci ba zai wuce ba, taruwa zai yi ya kumbura ciki, ya jawo amai wanda ka iya faɗawa huhu, ya kuma takura ɗinkin da bai gama kamawa ba. Robar hancin nan aikinta zuƙe ruwa da iskar da ke taruwa a tumbi, ruwan da jikinsa ke bukata kuwa yana samu ta ƙarin ruwan da aka ɗaura masa. Don rage masa azabar ƙishi, ka nemi izinin nas ka riƙa jiƙa masa leɓe da auduga mai tsabta.

Ba lissafin kwanaki nas take yi ba kafin a ce ya ci abinci. Tana duba yawa da launin abin da robar ke fitarwa, tana auna fitsarinsa, domin babban mutum da ke yin ƙasa da mililita 30 a awa yana nuna ruwan jikinsa bai wadata ba ko ƙodarsa na wahala, tana ƙirga bugun jininsa, tana kuma sauraren kukan hanji da abin sauraro. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda mutanenmu suka fi jin nauyinta, wato ko majinyaci ya fitar da iska. Da yawa sukan sunkuyar da kai su ce komai lafiya, alhali wannan amsar ce ke nuna hanji ya dawo aiki. Idan alamun sun yi kyau, za a fara da kurɓin ruwa, sannan koko mai ruwa-ruwa, kafin tuwo.

Ku masu jinya kuna da naku aikin, musamman da dare lokacin da nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa. Idan zazzaɓi ya dawo, ko ciki ya ƙara tauri, ko numfashi ya yi sauri, ko wani ruwa mai wari ya jiƙa bandeji, ku kira ta nan take. Idan kuma ta ce a zaunar da shi ko a taka da shi kaɗan, ku taimaka mata, domin doguwar kwanciya na jawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Tambaya daga wata uwa, wani ƙauye kusa da Ringim: Ɗana mai wata tara yana gudawa tun jiya, surukata ta ce haƙori ne zai fito, in bar shi.

Amsa: 'Yar'uwa, fitowar haƙori ba ta kawo gudawa mai yawa. Shekarun ne suka zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Abin tsoro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki narkar da fakiti ɗaya na garin gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata mai santilita 50, ki riƙa ba shi da cokali bayan kowane zawo. Idan ya yi amai, ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Ki haɗa da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, kuma kada ki janye masa nono. Idan idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya kasa tsotso, ya yi laushi, ko kika ga jini a kashinsa, ki kai shi asibiti ko da tsakar dare ne. Zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa kuwa, musamman da damina, alamar kwalara ce, wadda kan iya kashe ko babba cikin awoyi.

Tambaya daga wani manomin rani, yankin Kura, Jihar Kano: Ina da olsa, kuma ina shan maganin ciwon baya daga kemis kullum bayan aikin gona. Kwanan nan bayan gidana ya koma baƙi ƙirin mai wari, kuma jiri na ɗibata idan na miƙe.

Amsa: Baba, ka tafi asibiti yau, kada ka jira ranar kasuwa. Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta jini ne da ya zuba a tumbi ya narke kafin ya fito, jirin kuma yana nuna jinin da ka rasa ba kaɗan ba ne. Maganin ƙarin jini ma yakan baƙanta bayan gida, amma ba ya zuwa da wannan warin da jiri. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin suna raunana rufin tumbi, don haka ka daina su, ka kuma tafi da kwalayensu domin likita ya gani.

Yawancin gyambon ciki ba yunwa ko yaji ke haddasa shi ba, kamar yadda aka daɗe ana ɗauka. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta a bayan gida ko a numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Tunda aikinka a cikin ruwan noman rani yake, ka faɗa wa likita haka, domin akwai nau'in tsargiya da ke lalata hanta har jijiyoyin maƙoshi su kumbura su zubar da jini. Bambance waɗannan biyun, wato gyambon ciki da kumburin jijiyoyin maƙoshi, sai an leƙa tumbi da na'ura mai kyamara, aikin da ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Tambaya daga wata matar aure, yankin Birnin Kudu: An ce mijina yana da ciwon hanta, cikinsa ya kumbura da ruwa. Yanzu yana barci da rana, da dare kuma yana surutai. 'Yan'uwansa sun ce iska ce.

Amsa: Hajiya, wannan juyewar barci da ruɗewa daga hantar suke. Idan ta gaza tace jini, guba takan taru ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa rashin yin bayan gida, zubar jini a ciki, ko shigar ƙwayar cuta cikin ruwan cikin ne ke tayar da ita. Ku mayar da shi asibiti ba tare da jinkiri ba, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu. Kada a ba shi maganin barci, kada a yi masa tsaga a ciki, kuma a dakatar da jiƙe-jiƙe, domin hantar da ta raunana ba ta jure su. Ki rage gishiri, kanwa da dunƙulen miya a abincinsa. Idan ciwon hanta nau'in B aka gano, ke da yaranku ku yi gwajin jini, wanda bai kamu ba kuma a yi masa allurar rigakafi sau uku.