Tambayoyinku kan Fasaha: Su Wa Suka Mallaki Tashoshin Talabijin na Legas?

Tambaya: Wani mai karatu daga Agege ya ce ya sayi sabuwar eriya ya ɗaure ta a kan doguwar gora, amma har yanzu bai samu ARTV ta Kano ba.

Amsa: Malam, ko gora goma ka haɗa ba za ka same ta ba. ARTV tashar gwamnatin Jihar Kano ce, kuma abin da ake watsawa daga hasumiya a doron ƙasa ba ya yin nisa sosai, alhali tsakanin Legas da Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Idan shirye-shiryen Hausa kake nema, Arewa24 tana kan StarTimes da GOtv da DStv.

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga Mile 12 ya ce gardama ta kaure a majalisarsu, inda wasu suka dage cewa duk tashar da ke kan dikodar StarTimes ta gwamnati ce, tunda kamfanin yana tare da NTA.

Amsa: Alhaji, wannan ruɗani ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kamfanin dikoda ɗan dako ne kawai. Kai da kake karɓar albasa daga Arewa ka fi kowa sanin cewa direban tirela ba shi ne mai kayan ba. Gaskiya ne StarTimes, wanda kamfanin ƙasar Sin ne, ya fara aiki a Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, amma hakan bai mayar da tashoshin da yake ɗaukowa mallakarsa ko mallakar gwamnati ba. Haka abin yake ga GOtv da DStv na kamfanin MultiChoice, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu.

NTA ita ce ta gwamnatin tarayya. An kafa ta a 1977, ta haɗe tashoshin da ake da su a lokacin, har da ta Ibadan wadda ta fara aiki a 1959, kuma rassanta na jihohi suna haɗuwa da hedikwata idan lokacin labaran ƙarfe 9 na dare ya yi. LTV kuwa ta gwamnatin Jihar Legas ce, an buɗe ta a 1980 zamanin Gwamna Lateef Jakande, kuma tana Agidingbi a Ikeja. Sai a 1992, da aka kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Daga nan Channels ta John Momoh ta fara watsa shirye-shirye a 1995, AIT ta kamfanin DAAR na marigayi Raymond Dokpesi ta biyo baya a 1996, daga bisani kuma Silverbird ta Ben Murray-Bruce ta zo.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne yadda ake turo guntun bidiyo a WhatsApp ɗauke da tambarin wata tasha a kusurwa, a ce "gwamnati ce ta sanar", jama'a kuma su ɗauka har a rufe shaguna. Liƙa tambari a kan bidiyo aikin minti kaɗan ne ga duk yaron da ya iya waya. Ko da bidiyon na gaskiya ne, kowace tasha tana da mai ita, kuma da wuya ta yi wasa da muradinsa. Shawarata kullum ita ce ka kalli labari ɗaya a tashar gwamnati, ka sake kallonsa a tasha mai zaman kanta, sannan ka duba shafin tashar na ainihi kafin ka tura wa kowa.

Tambaya: Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce an gaya mata Channels tana lamba 39, amma da ta danna a rimot ɗin dikoda sai wata tasha ta fito.

Amsa: Hajiya, 39 lambar zangon UHF ce ta masu kamawa da eriya kai tsaye. Kowane kamfanin dikoda yana da nasa jerin lambobi, saboda haka ki buɗe jerin tashoshi ki neme ta da sunanta.

Tambaya: Wani matashi daga Obalende ya ce kallon labarai kai tsaye a YouTube yana cinye masa data.

Amsa: Ka shiga saitin bidiyon ka rage ingancin hoton zuwa 360p. Za ka ji muryar mai karanta labarai sarai, datar kuma za ta fi daɗewa.